Jirgin Vivian da Makewayin Narayi

Da satar janareta ta ishi mutanen layin su Mama Fibi a Narayi, sai kwamitin unguwa ya kira taro ranar Asabar da la'asar. Shugaban kwamitin, Mista Harrison, ya ce an samo mafita: za a riƙa sintiri da ɗan jirgin nan marar matuƙi mai kyamara. Wadda za ta tuƙa kuwa ba kowa ba ce, Vivian ce, autar Mama Fibi, wadda ta sha zirga-zirgar Abuja kafin hukuma ta ba ta lasisi.

Mama Fibi ta zauna a bencin mata, kanta ya kumbura don murna. Amma da Harrison ya ce jirgin zai leƙa gida-gida, sai murna ta koma ciki. Makewayinta kwano ne aka kewaye, sama a buɗe, haka kuma na rabin layin yake. Ta dubi maƙwabciyarta Edith, Edith ta sunkuyar da kai. Wa zai ɗago zancen wanka a gaban maza?

Vivian ce ta miƙe.

"Baba Ciyaman, titi zan bi, da bakin rafi. Cikin gidajen mutane kam ba zan shiga ba. Lasisina bai ba ni wannan ba."

"Ke yarinya, ɓarawo titi kaɗai yake bi?" in ji Harrison. "Daga can sama ma me ake gani? Ai kamar tururuwa muke."

Vivian ta juya wajen uwarta. "Mama, kin yarda in nuna musu gidanmu?"

Kunya ta kama Mama Fibi, amma ta gyaɗa kai.

Jirgin ya tashi da ƙara kamar taron ƙudan zuma, maza suka yi cincirindo a kan allon da ke hannun Vivian. Ga tsakar gidan tas. Ga kaji. Ga makewayi: bokiti shuɗi, soso a kan dutse, zanin da Mama Fibi ta rataya da safe, har zanen furen jikinsa ana gani.

Wani dattijo ya kawar da kai, ya ce, "Kai, sauke abin nan."

Nan bakin mata ya buɗe. Edith ta ce 'ya'yanta mata uku ne, gara a sace janaretan. Harrison ya sosa ƙeya, ya tambayi Vivian yadda take so a yi. Ta ce titi da bakin rafi kawai, a sanar da 'yan sanda kafin a fara, hoton da babu ɓarawo a ciki a goge shi a ranar, kuma mace ɗaya daga kwamiti ta riƙa tsayawa kusa da allon. Aka yi ta ja-in-ja har rana ta kusa faɗuwa, wasu samari suka fice da gunaguni, amma da aka ce a ɗaga hannu, masu goyon bayan Vivian sun fi yawa.

A hanyar gida Mama Fibi ta karɓe akwatin jirgin ta ɗora a kai.

"Mama, kawo, da nauyi fa."

"Bar ni," in ji ta, ta rage sauri daidai shagon tela inda mutane suka fi taruwa, tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya.