Sittin da Biyu Cikin Ɗari

Karo na uku ke nan Injiniya yana miƙewa daga kan bencin, karo na uku kuma nas ɗin ta ɗago kai daga takardunta ta nuna masa mazauninsa da biro.

"Baba, minti ashirin na ce. Ka zauna jikinka ya huta, sannan a auna ka."

Ya koma ya ɗosana a bakin bencin. Shi ba injiniyan makaranta ba ne. Shekara talatin da ya yi yana gyaran injin tura ruwa ce ta ja masa sunan, har matarsa ma da shi take kiransa in tana jin tsokana. Ya laluba aljihun gaba ya taɓa takardar nan, wadda ta fara yagewa a wurin ninki.

Wata biyu da suka wuce aka ɗauki hoton zuciyarsa, aka rubuta sittin da biyu cikin ɗari. Likitan wancan lokacin ya ce ma'anarsa, duk jinin da ya shiga zuciyar, kashi sittin da biyu take turawa waje a bugu ɗaya, kuma ko saurayi ya samu haka ya gode Allah. Aka yi murna a gida. Shi ma ya yi, har zuwa washegari, da ya je hawa bene da jakar kayan aiki ya tsaya a matakala ta goma sha biyu yana neman iska kamar wanda aka danne da filo.

Tun daga ranar takardar ta koma makami a hannun Auta, ƙaninsa da suke shago ɗaya. Auta ya haura arba'in, yana da 'ya'ya huɗu, amma sunan bai sake shi ba. Watanni ke nan shi kaɗai ke hawa kan rufi, shi ke shiga rami, Injiniya na ƙasa yana miƙa sifana. Gobe kuma suna da aiki a wani sabon bene mai hawa bakwai da ba a sa wa lif ba tukuna. Jiya Auta ya faɗa masa a gaban maƙwabtan shago: ko su hau tare, ko kowa ya kwashi kayan aikinsa ya kama gabansa.

Ga Autan nan ya dawo daga amsa waya, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"Har yanzu ba su kira ka ba, Yaya?"

"Wai sai na huta."

"To ai sun samu gwani. Wata nawa kana yi."

Wata tsohuwa da ke gefe ta rufe baki da mayafi tana dariya. Injiniya ya kau da kai. Ya kalli agogon bango, ya kalli ƙofar da aka liƙa wa takarda mai rubutun binciken zuciya. An ce masa a nan wasu likitoci ke neman irinsa, masu haki da kumburin ƙafa amma lambarsu ta fito da kyau. Shi ya sa ya zo. To amma ga shi sun zaunar da shi, numfashinsa ya kwanta, ƙirjinsa ya yi shiru kamar bai taɓa ciwo ba. Haka aka yi wancan karon. Aka kwantar da shi a ɗaki mai sanyi, zuciyar ta yi ta aikinta cikin ladabi.

Ya san irin wannan injin. Mai shi zai kawo shi yana rantsuwa ba ya kai ruwa sama, ka ɗora shi a kan tebur ka kunna, ya yi ta juyawa lafiya lau. Sabon shiga sai ya ce wa mutumin ƙalau yake, ya sallame shi. Shi kuwa bai taɓa yanke wa inji hukunci a kan tebur ba. Sai ya haɗa masa bututu, ya sa shi ya ja daga ƙasa ya tura sama, a nan mai laifi ke tona kansa.

Ya miƙe.

"Baba."

"Zagawa zan yi, 'yata."

Bai nufi banɗaki ba. Ya tura ƙofar da ke ƙarshen barandar, ya sauka hawa biyu har ƙasa, ya tsaya ya gyara zaman takalminsa. Sannan ya juyo ya fara hawa da sauri, kamar yadda yake yi shekarun baya da tankin roba a kafaɗa. Goman farko ya ji daɗi. A ta goma sha huɗu abin ya zo, nauyin nan a tsakiyar ƙirji, iska tana shiga amma ba ta isa inda ake buƙatarta. Ya kama ƙarfen gefe ya ci gaba yana jan jikinsa. Wani mai tura keken marasa lafiya ya leƙo daga hawa na ɗaya ya ce, "Malam, ga lif can fa," ya ɗaga masa hannu kawai ya wuce.

Da ya iso gaban teburin nas ɗin, rigarsa ta jiƙe, leɓɓansa sun bushe. Ya dafa teburin da hannu biyu.

"Yanzu... ku auna. Yanzu yake yi."

Nas ɗin ta zagayo da gudu ta zaunar da shi, tana faɗa tana ɗaura masa abin awon jini a hannu. Hayaniyar ce ta fito da likitar, wata siririya mai tabarau da ba za ta girmi 'yarsa ta fari ba. Ta tsaya ta saurari nas ɗin, sannan ta durƙusa a gabansa ta jira har ya iya haɗa magana.

"Me ya kai ka bene, Baba?"

Ya yi mata bayanin injin da tebur da bututu, yana yi yana tsayawa shaƙar iska. Ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta, ya ga tana ƙoƙarin danne murmushi.

"Ba a karanta maka takardar da ka sa wa hannu ba?"

"An karanta. Doguwa ce."

Ta tura ƙofar ta nuna masa. A tsakiyar ɗakin akwai gado mai feda irin ta keke a wajen ƙafa.

"Abin da muke bincike a kai ke nan. Mu auna ka kana hutawa, mu sa ka tuƙa wannan, mu sake aunawa, mu kwatanta. Yanzu ka ɓata mana na farkon. Sai ka sake zama, rabin awa."

"Rabin awa kuma," in ji Auta daga baya. "Likita, mutane na jiranmu a shago."

"Kai ne ka rako shi? Idan an kira shi ka shigo tare da shi, zan so wani nasa ya kasance a kusa."

Rabin awar nan Injiniya ya ƙirga tayil ɗin ƙasa, ya ƙirga fankokin sama, ya gano ɗaya daga cikinsu ƙarfenta ya fara ci. Auta ya fita ya dawo sau huɗu.

A ciki aka cire masa riga aka miƙa wa Auta. Likitar ta shafa masa wani mai mai sanyi a ƙirji, ta ɗora kan na'urar ƙarƙashin nononsa na hagu. Wani abu toka-toka ya bayyana a allo yana buɗewa yana rufewa. Ta tsayar da hoton, ta zagaye shi da ɗige-ɗige, ta saki, ta sake tsayarwa.

"Sittin da ɗaya," ta ce.

Auta ya yi ɗan tari.

"Yanzu tuƙa, Baba. A hankali."

Ya fara. Bayan minti biyu nas ɗin ta ƙara wa fedar nauyi. Ya ji abin yana tasowa, ya cije ya ci gaba, idonsa a kan rufin ɗakin. Gumi ya gangaro masa cikin kunne. Ya ji likitar tana kiran lambobi nas ɗin na rubutawa, ya ji wani sauti kamar na tsohon zuga-zugi, sai daga baya ya gane daga bakinsa yake fitowa.

"Likita, ku tsayar da shi mana," muryar Auta ce, ƙasa-ƙasa. "Ku dubi bakinsa."

"Saura kaɗan. Ya isa, Baba, saki."

Da numfashinsa ya dawo ta juyo da allon wajensu. Ta jera hotuna biyu.

"Turawa tana turawa, lambar ba ƙarya ta yi ba. Amma lambar kashi take faɗa, ba ta faɗar yawan abin da ya shiga. Bangon zuciyarka ya yi tauri. Idan ta yi sauri ba ta saki ta cika, sai jini ya taru a baya, wajen huhu. Shi ne hakin."

Injiniya ya juya kai ya kalli ƙaninsa. Auta na tsaye rungume da rigar, idonsa a kan allon.

"Matsalar a wajen ja take," Auta ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ba wajen turi ba."

"Rubuta min, 'yata," in ji Injiniya. "Ki rubuta a takarda, da hatimi."

Ta girgiza kai. Ta ce wannan awon bincike ne, sai wani likitan ya sake duba hotunan ba tare da ya san na wane ne ba, idan bakinsu ya zo ɗaya sannan a aika wa likitansa, kamar mako biyu. Magani dai za ta rubuta masa yau, na rage ruwa a jiki. Ya ce mata aikin gobe ne. Ta ce ta ji, amma ba za ta sa hannu a kan abin da ido ɗaya ya gani ba.

Suka fito ba takarda sai ta magani. Suka sauka ta lif. A wurin ajiye motoci Auta ya buɗe masa ƙofa, ya kwashe tiyo da gwangwanin gam daga kan kujera ya jefa baya, ya zagaya ya shiga. Ya sa makulli bai murɗa ba.

"Gobe ka zauna a ƙasa wajen akwatin wuta. In na kira ka a waya ka kunna, in na ce kashe ka kashe."

Injiniya ya kalli hannuwansa a kan gwiwa, da tabon ƙuna na babban yatsa, da baƙin man da ba ya fita daga ƙarƙashin farce. Wata biyu yana jiran wannan maganar. Ya ɗauka in ta zo zai ji sanyi.

"Kai kaɗai za ka saita injin a sama? Kai da kake ɗaure ƙusa kamar kana fushi da ita?"

"Zan iya."

"Akwai bawul na tsayar da ruwa a hawa na biyu. Wannan ni zan duba."

Auta ya daɗe yana kallon gilashin gaba.

"Na ɗaya," ya ce.

"Na biyu. A hankali zan hau."

Auta ya murɗa makullin, ya leƙa madubi, ya fara ja da baya.