Shaidar da Hadassah Ba Ta Ƙarasa Ba

Barira ta daɗe tana aikin jinya a ɗakin haihuwa kafin ta ajiye farin kaya ta koma wata ƙungiya mai fafutukar gyara dokokin lafiya a Minna. Abin da ta sa a gaba shi ne a yi dokar da za ta tilasta ajiye jini a asibitocin karkara. Mutane sun ɗauka tausayin mata ne kaɗai ya raba ta da asibiti. Akwai wannan, amma akwai kuma wani wari da takan ji a jikin wanda ajali ke zagaye da shi, irin na ƙarfe mai tsatsa da ruwa ya kwana a kai. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Tun da ta bar asibiti kuma ba ta sake jin sa ba.

Da ƙyar da jiɓin goshi ta samu kwamitin da ke duba ƙudurin dokar ya yarda ya saurare su. Ta je har Beji ta roƙi Hadassah, wata matashiya mai sayar da doya, ta zo ta ba da labarin yayarta Faith, wadda jini ya ƙare wa bayan haihuwa ana hanyar kawo ta gari.

An zauna da hantsi a zauren wani otal. Barira na cikin bayani warin ya daki hancinta. Harshenta ya sarƙe. Ta dubi shugaban kwamitin, Alhaji Ndanusa, ta dubi sauran, kowa garau yana kurɓar ruwan gora. Ta daure ta kai ƙarshe, ta koma kusa da abokiyar aikinta Kafayatu.

"Lafiya, Sista? Kin yi gumi, ga sanyin na'ura," in ji Kafayatu.

"Ba ki jin wani wari?"

"Sai turaren Alhaji."

Aka kira Hadassah. Kujera ce doguwa babu kowa a kai, amma sai ta zauna can ƙarshe, ta tattare zaninta kamar mai yi wa wani wuri. Ta fara magana a nutse, yadda suka ɗora Faith a babur, yadda jini ya jiƙa wa mai babur ɗin wando. Can sai ta juya gefenta na hagu ta ce ƙasa-ƙasa, "Bari mana, ina zuwa."

"Da wa kike, 'yata?" Alhaji Ndanusa ya tambaya.

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

Ta ci gaba. Hannunta na hagu kuwa yana kan kujera a buɗe, yatsun a lanƙwashe, kamar an riƙe shi.

Barira ta san in ta katse zaman nan, Allah kaɗai ya san ranar da za a sake ba su wani. Ta miƙe duk da haka. Kowane taku warin ƙaruwa yake. Ta kama wuyan hannun Hadassah, sanyi ƙalau, jijiya na bugawa da sauri ba ƙarfi. Ta ja fatar idonta ƙasa, fari fat.

"Yaushe rabonki da al'ada?"

"An ɗan jima, Anti. Kafaɗata ce dai ke ciwo tun safe."

"Ranka ya daɗe, a ba mu mota yanzu," Barira ta ce. "Yarinyar nan jini take zubarwa ta ciki."

Alhajin bai yi gardama ba. A motarsa aka ɗauke ta, Barira na riƙe da ƙafafunta sama. Da suka shiga cunkoson Kasuwar Kure, Hadassah ta buɗe ido ta ce wa tagar mota, "Ba wannan hanyar ba ce gida." Direban ya waiwayo, ya shiga salati, bai daina ba har ƙofar asibiti.

Ashe ciki ne ya zauna mata a wajen mahaifa, ya fashe. Aka yi mata aiki. Kafayatu da wani ɗan kwamitin suka ba da jini, ta rayu.

Zaman dai an ɗage shi. Da aka sa sabuwar rana bayan damina, Barira ta koma Beji. Ta tarar da Hadassah a gindin mangwaro tana jera doya, ta yi ƙiba har ta yi haske. Suka gaisa, Barira ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Anti, ki yafe mini, ba zan sake ba da labarin nan ba. Ranar ina kiran sunan Faith ta zo ta zauna kusa da ni. Da zanin da muka rufe ta da shi. Ta ce in tashi mu tafi, Mama na jira."

"Mamarku tana nan?"

"Ta rasu tun muna yara."

Barira ba ta matsa mata ba. Ita ta ba da labarin da bakinta a zama na biyu, ba ta ambaci suna ba, kuma ƙudurin ya wuce zuwa mataki na gaba. Amma a ranar da ta je wurin Hadassah, kafin ta bar Beji, sai da ta tambayi Hadassah ko yayar tata ta ƙara zuwa.

Hadassah ta ɗaura mata doya a buhu, ta ɗora a bayan mota, sannan ta amsa.

"Gida ba ta shiga. A bakin rafi take tsayawa. Ni dai na daina zuwa ɗiban ruwa ni kaɗai."