Ranar da Maƙeri Ya Je Sassaƙe

Tun tana amarya Goggo take ba mutanen ƙauyen magani, tun lokacin kuma mijinta maƙeri yake mata tsiya. In ya ga ta shanya saiwoyi a kan rumfa sai ya ce yau an huta da neman itacen girki. Ita kuwa sai ta ci gaba da shanyarta.

A daminar bana santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, gwiwarta ta kumbura har ba ta iya takawa. Kwana uku da faɗuwar, matar tela ta yi sallama, ta ce mijinta tun jiya ciki ke murɗa masa, ko kan keken ɗinkin ya kasa zama. Goggo ta sa aka zazzage mata buhunanta. Akwai ganyen sabara, amma ɓawon hano da take haɗawa da shi ya ƙare, itatuwan kuma suna can bayan dutse.

Ta dubi maƙeri, shi kuma ya dubi bango.

"Malam, kai za ka je," in ji ta.

Ya ce shi ƙarfe ya sani, itace duk ɗaya ne a wurinsa. Ta kwatanta masa: wanda fatarsa ke ɓarewa kamar takarda, in an karce sai ƙanshi. Ya sassaƙi gefe guda kawai, faɗin tafin hannu, kada ya zagaye itacen, in ya gama ya shafe wurin da laka.

Da hantsi ya dawo da guntun buhu cike. Goggo ta sunsuna, ta ce wannan sai dai a yi igiyar ɗaure akuya da shi. Matar tela ta rufe baki da mayafi. Ya sha ruwa, ya koma.

A karo na biyu ya sami itatuwan hanon a gefen kwari. Ba ƙanshin ne ya nuna masa ba, tabo ne. Kowane itace na ɗauke da tsofaffin tabo da suka warke, duk daidai tsayin kafaɗar matarsa, wasu sun kusa shafewa. Ya fara ƙirgawa, ya bari. Ya daɗe a tsaye kafin ya sa wuƙa.

Goggo ta tafasa haɗin a tukunyar ƙasa, ta gaya wa matar tela in jibi bai ji sauƙi ba su wuce asibiti, kada su tsaya jira. Washegari da yamma aka ji ƙarar keken tela.

Maƙeri kuwa sai ya hura wutarsa. Ya yini biyu a maƙera, ya fito da 'yar wuƙa mai lanƙwasa, ƙotarta daidai hannun mace. Ya ajiye wa Goggo a kan tabarma, ya ce tsohuwar wuƙar tata abin kunya ce a gidan maƙeri.