Libarbar Baba Orville

Darlene ta fizge tawul ɗin da ƙaninta Wendell ya rufe kyautar da ya tanadar wa mahaifinsu da shi a kan teburin kicin, sai ta yi turus. Bindigogi libarba biyu ne a jere, duk baƙaƙe masu shuɗi-shuɗi. Ɗaya tasa ce, wadda ya saya a kasuwar bindigogi ta garin Tulsa, rininta na asali. Ɗayar tana sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa.

"Ina ta Baba?"

"Ga ta nan a gabanki. Na kai an goge ta, an sake rini. Duba ki gani, har ta fi tawa ƙyalli."

Nan take ranta ya ɓaci. Yau mahaifinsu, Baba Orville, yake cika shekara casa'in. Ido ya tafi, hankali ma yana bin sahu, har sunayen 'ya'yansa sun fara kuɓuce masa. Abu ɗaya ya rage da yake ganewa, libarbar da ya rataya duk tsawon aikinsa na ɗan sanda. An daɗe da cire mata allurar harbi. Kullum da yamma Darlene takan ɗora masa ita a cinya, ya shafa, ya dawo cikin hayyacinsa, ya kira ta da sunanta.

"Na ce ka kai a gyara ƙusar mariƙi. Ƙusa ɗaya, Wendell! Wa ya aike ka?"

"Haba Yaya, duk ta koɗe fa. Inda kube yake gogarta ya yi fari fat."

"Farin nan shi ne Baba, sakarai!"

Ta ɗauko duka biyun ta kai bakin taga. Ita ma a gidan bindiga ta tashi, ba a yi mata ciwon baki. Shuɗin ta Wendell a cikin ƙarfen yake, mai zurfi, gefunanta da kaifi, rubutun bakinta raɗau. Ta Baba kuwa injin guga ya cinye ta. Gefuna sun dakushe, haruffa sun shafe rabi, ramukan ƙusoshi sun lotsa. Ɗan kaushin nan na bayan mariƙi, inda babban yatsansa yake zama, babu shi.

"Wanda ya yi aikin nan ai ba maƙeri ba ne, mai wankin mota ne. Garin neman gira an rasa ido."

"Ni dai faranta masa na so," in ji Wendell, murya ƙasa-ƙasa.

Ta san gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara tunzura ta ke nan. Wendell tun yana yaro ba a ba shi aron abu ya dawo da shi yadda yake.

Daga falo tsohon ya ƙwala kira, "Wa ke nan? A kawo mini abata."

Suka dubi juna. Darlene ta danƙa wa Wendell libarbar a hannu.

"Kai za ka kai masa."

Wendell ya durƙusa gaban kujerar, ya ɗora masa ita a cinya. Tsohon ya bi bakinta da yatsu, ya juya ta, babban yatsansa ya je bayan mariƙi ya yi ta lalube. Can ya miƙo ta da hannu biyu, cikin ladabi.

"Tana da kyau, malam. Amma ba tawa ba ce. Ka tambayi matar can da ke yi mini abinci, ita ta san inda take."