Ustaz Ramzi Yana Tare da Manyan Abokan Ciniki

Ƙarfe goma daidai wayoyin matan da ke zaman makoki a falon suka yi ƙara kusan a tare. Wata tsohuwa daga Damanhur ta danna tata, sai ga muryar mamacin ta cika ɗakin.

"Barkanku da safiya, masoya zuma! Ustaz Ramzi ne. Yau na tashi garau kamar ɗan shekara ashirin. Kun san sirrin?"

Jiya-jiyan nan aka binne shi.

Nesma, 'yar gidan da ke kallon nasu a hawa na huɗu, tana tsaye da farantin gahawa marar sukari. Ta san sirrin: cokali biyu kafin karin kumallo. Ita ta riƙe masa wayar ranar da ya faɗa. Tanti Afaf, matar marigayin, ta sunkuyar da kai cikin baƙin mayafinta.

Ba a yi minti biyar ba Hajj Sobhi, yayan mamacin, ya hauro daga wajen maza yana haki, ya tsaya a gaban Nesma.

"Ke ce kika koya masa wannan iskancin?"

"Ni dai na nuna masa inda ake dannawa, Hajj."

"Shugabansu na gidan waya ya aika ta'aziyya ta shafin nan. Kin san amsar da ya samu?" Ya zaro tabarau ya karanta. "'Mun gode da sha'awarka ga zumarmu. Ustaz Ramzi yana tare da wasu manyan abokan ciniki a yanzu, zai waiwaye ka da zarar ya samu sarari.'"

Nesma ta tuna waɗanda yake tare da su a yanzu, ta yi istigfari a ranta.

"Gobe kwana uku, dangi za su cika gidan nan. In na sake jin ƙanina yana tallar zuma, da guduma zan farfasa wayar."

"Ko a teku ka jefa ta, Hajj, bidiyon zai fito. Ba a cikin wayar yake ba."

"To a ina yake?"

Kafin ta fara bayani ya ɗaga mata hannu.

"A goge shafin duka," in ji shi. "Kafin goman gobe."

Shekara uku ke nan da Ustaz Ramzi ya yi ritaya ya faɗa hannun wani saurayi mai fararen haƙora da ke koyar da kasuwanci ta intanet, kullum yana jingine da motar da Nesma ta rantse ba tasa ba ce. A wajensa ya koyo cewa babban ɗan kasuwa ba ya neman kowa. Mayen ƙarfe ne shi, yana zaune masu saye ke zuwa su manne. Ya sayo zuma katan-katan daga Fayyum, ya buga kati mai ruwan zinariya: Ƙwararre Kan Harkar Zuma.

Nesma gyale take sayarwa ta waya. Ba wanda ya koya mata. Ta amsa wannan, ta lallashi waccan, ta hau taragon lantarki har unguwar Sidi Gabir don kai gyale ɗaya.

"'Yata, ke kina bin mutane kamar mai tallar tishu a danja," yakan ce mata a kan matakala. "Ba tsari."

"Jiya na sayar da tara, Ammu Ramzi. Kai fa?"

"Ni ina gina suna."

Mayen ƙarfen dai, duk wanda ya sha shayi a gidan nan sai ya karɓi wayarsa ya danna masa ƙararrawar shafin da hannunsa. Wannan, a cewarsa, zumunci ne, ba talla ba.

Ran wata Juma'a ya kira Nesma ya ɗauki bidiyo sittin a zama ɗaya, yana sauya riguna huɗu don a zaci ranaku ne daban. Ya jera su, kowace safiya ɗaya ya fito da kansa. Hannunta sai da ya yi kwana biyu yana tsami. Ran Talatar da ta wuce, bayan la'asar, ya zauna a kujerar roba a baranda, waya a cinya, yana jiran masu saye kamar kullum. Tanti Afaf ta kawo shayi, ta yi masa magana sau biyu. Ta zaci halin nasa ne, ashe ya riga ya cika.

Yanzu ga Nesma a ɗakin barcin marigayin, tsakanin katan-katan, tana fama da lambar sirrin wayar. Ta gwada ranar haihuwarsa. Ta gwada zuma da ɗaya-biyu-uku. Ta gwada sunan mai fararen haƙora. Wayar ta ce ta jira minti biyar, sannan ta ce goma sha biyar. A kan fuskar wayar kuwa saƙonni sai sauka suke: wannan na son kwalba biyu, waccan na son uku, Allah ya ji ƙan Ustaz. Shekara uku mayen ƙarfe bai jawo ko allura ba, sai yanzu. Tata wayar ma tana ta kuka a aljihu, wata a unguwar Smuha tana tambayar ko gyalen nan ruwan toka yana da ɗan haske.

Bayan azahar Tanti Afaf ta shigo ta mayar da ƙofa.

"Bar wahalar da kanki. Sunana ne da shekarar aurenmu."

"Tanti! Awa uku ina nan!"

"Na gani."

"Tun jiya kin sani kika bari yana gaishe da mutane?"

Tanti Afaf ta zauna a bakin gado, ta gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi.

"Saura nawa?"

Nesma ta buɗe ta duba. "Arba'in da bakwai."

"Shekara talatin da biyar, da safe ba ya magana. Jarida da tari, shi ke nan. A cikin abin nan ne kaɗai yake cewa barka da safiya."

"Masoya zuma yake cewa, Tanti."

"Ni ma ina shan zuma."

Nesma ta dubi wurin da aka rubuta a goge shafi. Dannawa ɗaya ce, ta koma ga mai ruwan toka. Ta ja dogon tsaki.

"Akwai yadda ake yi mai wayar kaɗai ya gani. Amma ɗaya bayan ɗaya ake gyara su."

"To gyara."

"Arba'in da bakwai fa, Tanti."

"Zan kawo miki shayi."

Mutumin nan ko da ya mutu sai da ya sake sa hannunta tsami. Ta kashe amsar manyan abokan ciniki, ta bi bidiyon ɗaya-ɗaya, riga shuɗiya, riga fara, mai ratsi, ruwan ƙasa, shuɗiya kuma. Kafin ta gama, ta Smuha ta rubuto cewa ta samu a wani wuri.

Washegari falon ya cika har matakala. Goma saura minti biyu Hajj Sobhi ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon agogonsa. Goma ta yi. Ba abin da ake ji sai karatun Alƙur'ani daga rediyo. Ya ƙara minti ɗaya don tabbatarwa, ya gyaɗa wa Nesma kai kamar shi ya yi aikin, ya sauka.

Ta kwashe kofuna ta nufi kicin. Tanti Afaf na tsaye ta juya wa ƙofa baya, ta jingina wayar da gwangwanin gishiri, ta rage murya ƙasa-ƙasa. Ustaz Ramzi, cikin riga mai ratsi da maɓalli ɗaya a karkace, yana ɗaga cokali. Gahawar da ke kan wuta ta taso tana shirin zubewa. Nesma ta miƙa hannu ta rage wutar, ta fita, ta jawo ƙofar a hankali.