Tseren Keke a Gonar Inna Yalwa

Tanko maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ce ta kai masu tsere cikin gonar tsohuwa. Shi ne sakataren kulob ɗin masu keke na ma'aikata, shi aka ɗora wa kafa jajayen tutoci a hanyar tsere bayan Mando. Aka tambaye shi ko ya nemi izinin masu gonaki, ya ce ya nema. Bai nemi na kowa ba.

Ran Asabar ɗin, ƙarshen daminar 1976, Husaini masinja ya tsaya a layi da kekensa na zuwa ofis, lamba a manne a bayan rigarsa. Ranar ce farkonsa a tsere. Tseren ba irin na kan kwalta ba ne. Wani Bature injiniya ne ya zo da shi: a bi ta taɓo, a hau tudu, a ƙetare kwari, inda keke ya kasa a sauka a saɓa shi a kafaɗa a yi gudu.

"Malam Tanko," in ji Husaini, "wai ni zan hau keken ko shi zai hau ni?"

"Duk biyun."

"To a ina ake sauka?"

Tanko ya ɗaga murya don duk sababbin shiga su ji. "Doka ɗaya ce. Abin da na gabanka ya yi, kai ma ka yi."

"In ni ne a gaban fa?"

"Kai? Da wannan keken mai madubi biyu? Kada ka damu kanka."

Aka hura usur. A kwarin farko taɓo ya cushe tayoyin mutane. Husaini kuwa kullum a kafaɗa yake tsallaka da kekensa duk wani kududdufi na Unguwar Kanawa don kada ya ɓaci, saboda haka tun kafin ya kai taɓon ya sauka ya saɓa shi. Da ya haye tudu ya waiga, sai ya ga kowa yana bayansa. Babu wanda zai kwaikwaya. Ya hau ya bi tutocin, yana tsammanin a kowane lokaci wani zai yi masa ihu ya ce ya yi kuskure.

Tutocin suka karya kwana a gindin wani mangwaro suka shiga kunyoyin dankali. Ya san mangwaron. Gonar surukarsa ce, Inna Yalwa. Matarsa Maimuna tana gidan tsohuwar a Hayin Banki wankan jego. An yi arba'in da wata biyu, sau biyu yana tura kawunsa a ba shi matarsa, tsohuwar tana cewa sai ta ga hankalinsa tukuna. Ga ta nan tsaye da fartanya tana kallon tuta, ga shi da gajeren wando, taɓo har gira.

Ya taka burki. Ya kwantar da keken, ya cire takalmi, ya tsuguna.

"Ina wuni, Inna? Kun wuni lafiya?"

Luka, akawu, shi ma sabon shiga, ya iso yana haki. Ya ga na gabansa ya sauka ya tsuguna, sai ya sauka ya tsuguna. Wasu biyar suka iso suka yi haka.

"Minti nawa ake yi a nan?" Luka ya tambaya cikin raɗa.

"Yi shiru," in ji Husaini.

Baturen da tsofaffin hannu huɗu ba su tsaya ba. Suka saɓa kekuna suka ratsa gonar a guje, suna rusa kunya suna tsinka yaɗon dankali. Luka ya yunƙura, ya dubi Husaini, ya koma ya tsuguna.

Inna Yalwa ta bi su da ido har suka ɓace.

"Me ya koro su?"

"Babu, Inna. Tsere ne."

"Tseren keke, keken a wuya?"

"Wallahi ni ma ban gane ba."

"Kai ka kafa mini jan ƙyallen nan?"

"Ba ni ba ne. Malam Tanko ne. Ya ce an tambaye ku."

"Ni ban san wani Tanko ba." Ta dubi mutum bakwai tsugune a gabanta. "Waɗannan fa?"

"Ni suke bi, Inna."

Can nesa aka ji usur, an gama zagaye na farko. Husaini bai motsa ba, don ba ta sallame shi ba.

"Tashi ka tsige tutocin nan kafin mahaukatan su dawo," ta ce. "Ran Juma'a ka turo kawunka. Kuma ka sa wandon kirki."

Ya tsige su duka. Tseren ya watse a nan, masu zagaye na biyu suka yi ta bulayi a bayan Mando.

Inna Yalwa ta kai ƙara wurin mai unguwa. Kulob ya tuɓe Tanko daga sakatare, kuma Tankon ya yi kwana uku da garma yana ta da kunyoyin da aka rusa.