Dutsen Ƙofar Iyayena

Firmin ɓarawo ne. Na faɗa a gabansa, na faɗa a ƙofar coci, yanzu ma ina faɗa.

A ƙauyenmu idan gida ya rushe, duk dutsen da ya taɓa ƙasa na mai ɗauka ne. Haka muka taso muka tarar, rabin katangun garin ma da duwatsun matattu aka gina su. Shi ya sa da rufin gidan iyayena ya rufta, na sa aka sauke dogon dutsen saman ƙofa, aka ɗora shi a kan kututture biyu. Ubana Anselme ne ya sassaƙa shi shekarar da ya auri uwata Noélie, harafin farko na sunansa da na sunanta, da zuciya a tsakani. Ban yi makaranta ba, amma waɗannan biyun yatsana ya san su.

Na kwanta asibiti aka gyara mini ƙugu. Da na dawo, kututture na nan, dutse babu. Can na gan shi a saman ƙofar masaukin da Firmin ya buɗe wa 'yan Paris, yana gaya musu wai kakanninsa ne suka sassaƙa.

"Kai Firmin," na ce, "kakan naka da ko akurkin kaji bai iya ginawa ba?"

"Inna Ernestine, a ƙasa na tsince shi."

"Kai ka ture shi."

"Wa ya gani?"

Na kai ƙara wajen Odilon, magajin gari, yaron da na sha share wa majina. Ya yi ta murza hula.

"Inna, ai dutsen ya ƙara wa garin kyau. Kuma in an zare shi bangon zai zube."

"Ya zube a kanku ku biyun."

Washegari na ja kujerata har ƙofar masaukin, da burodina da cukun akuya. Duk baƙon da ya ɗaga kai, sai na nuna da sanda: "Wannan ubana, wannan uwata. Mai gidan ɓarawo ne, ku kula da jakunkunanku." Matar Firmin ta watso mini ruwan wanki ta taga, na ce ta ƙaro, dama tun asibiti ban yi wanka mai kumfa ba. Mutanen gari suna wucewa suna sunkuyar da kai, su ma ban bar kowa ba, na kira su matsorata ɗaya bayan ɗaya.

Da baƙi suka fara yankewa, Firmin ya tokare bangonsa da katako, ya zare dutsen. Ya kawo shi a tarakta, ya juye mini shi a ƙofar gida, rubutun yana kallon ƙasa.

"Ga iyayenki nan. Amma duba da kyau, Inna, ya taɓa ƙasa."

Na nemi mai taya ni ɗaga shi. Babu wanda ya zo, duk na zage su.

Yanzu a kansa nake wuni, a kansa nake cin abinci, don in na tashi ya zama na mai ɗauka. Firmin yana wucewa da taraktarsa a hankali, yana tambaya ko yaushe zan koma ganin likita. Na aika wa likitan, na ce ƙuguna ya warke.